Wutsiyar Da Suka Yanke

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya maƙogwaron? Ya Baban yara da 'yan rigimarki biyu? Na san za ki yi mini dariyar rubuta takarda a wannan zamani. To me zan yi da waya, tunda aikin da aka yi miki ya tafi da muryar? In na kira ki, ni kaɗai ke zuba kamar rediyo.

Albishirinki. Kamfaninmu na wasannin waya ya karɓi waƙarki ta ƙarshe, wadda kika ɗauka kafin a kwantar da ke, kuma ni aka ba aikin tsara matakinta a cikin wasan. Kullum kina cewa aikina wasan yara ne, yau dai sai kin saurara. Waƙa na tafiya, ɗigo-ɗigo na fitowa a fuskar waya, mai wasa yana taɓa su daidai da kiɗa. Akwai kuma wanda muke kira dogon ja, layi ne da za ka ɗora yatsa ka bi, ba ɗagawa sai ya ƙare. Ni ba na sa shi don ado. Bugun ganga ɗigo nake ba shi, dogon ja kuwa sai inda murya ta kama sauti ɗaya ta ƙi saki.

Kin tuna ƙarshen waƙar, inda kika ja kalmar "dawo" har mai ɗaukar sauti ya saki baki yana kallonki? Nan na shimfiɗa ja mafi tsawo da na taɓa yi, yana lanƙwasa duk inda muryarki ta yi rawa. So nake wanda ya bi shi ya ji yatsansa ya gaji yadda ƙirjinki ya gaji.

Ki sha magani, ban da taurin kai.

Taki har kullum,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutan gidan. Da fatan kin fara haɗiye abinci ba zafi. Ni kam raina a ɓace yake.

Oga ya tara mu a ɗakin taron nan da na'urar sanyi ke ɗiga a bokiti. Ya gwada matakin, kuma wallahi sautin wayarsa a kashe yake. Da ya iso wurin dogon janki sai ya yi hamma, ya tambayi wace irin wutsiya ce wannan. Wai masu gwaji suna ɗaga yatsa kafin ƙarshe, wai yatsun matasa ba sa son zaman banza. Na ce ya kunna sauti ya ji abin da layin ke bi. Na gaya masa ko ke wace ce a wurina, da cewa babu wani "dawo" bayan wannan. Ya yi mini sannu da bakinsa, sannan ya ce wasa muke sayarwa, ba dubiya muka zo ba.

Ya miƙa aikin ga maƙwabcin teburina, wanda muke kira Haka-Ne-Oga. Ina zaune ina jin linzamin kwamfutarsa yana ƙas-ƙas, yana yanka numfashinki gunduwa-gunduwa. Har ya leƙo yana tambaya ko ina da cajar waya.

Ki yi mini addu'a kada bakina ya ja mini kora.

Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Baban yara ya ce kina ta nuna masa waya da hannu, kina son a sauke miki wasan. Don Allah kada ya sauke.

Wasan ya fito, ana ta yabon matakin, har Oga ya dafa kafaɗar Haka-Ne-Oga a gaban kowa. Inda kika ja "dawo" yanzu ɗigo ne birjik, mutane na ta dukan muryarki da yatsu biyu suna murna.

Na gwada shi a motar haya, na sake gwadawa a gida. Tun daga farko ba na kuskure ko ɗaya, ai ni na tsara. Amma da kin ɗauki numfashin nan, sai yatsana ya kwanta a gilashin ya ƙi tashi. Ɗigon na wucewa, wayar na rubuta mini "kuskure, kuskure" da jan rubutu a kan muryarki, ni kuwa ina riƙe har sai kin saki.

Ban taɓa cin matakin ba, Yaya, kuma ba zan ci ba.

Ƙanwarki,
Auta