Gurbi na Biyu a Kwamfutar Babanki

Zuwa ga 'yata, Ƙaramar Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikana sarkin ɓarna. Allah Ya albarkaci aikinki, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Innarki ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene kwaso shanya ko da yake likita ya hana. Goggonki ta zo ta ɗan kwana biyu, ta sauya wa kujerun falo wuri, ta tafi ta bar ni ina ta tuntuɓe da su. Na san za ki ce me ya hana Baffa ya kira a waya. Maganar doguwa ce, kuma a waya dariya kike katse ni da ita.

Saƙonki ya iso, ƙwaƙwalen kwamfuta guda biyu, waɗanda ku masu karatu kuke kira furosesa, kowace a naɗe cikin soso kamar ƙwai. Allah Ya yi miki albarka. Na kai su shago na nuna wa duk wanda ya shigo, har da wanda ya zo tambayar hanya. Kin san kwamfutar da nake nufi, baƙar nan mai nauyin buhun siminti da ke ƙarƙashin teburin yankan sitika, wadda marigayi Babanki ya haɗa da hannunsa lokacin da muka buɗe shagon da tebur ɗaya da fanka mai karkataccen wuya. Shi ya dage sai mai ƙwaƙwalwa biyu, ya ce tunda mu biyu ne a shagon, ita ma kada a bar ta da kai ɗaya. Ita ta yanka duk allunan talla da suka gina gidan nan, ita ta kai ki makaranta. Kuma har yau idan na kunna ta da safe, kafin komai ya bayyana, muryarsa da ya ɗauka ya saka mata ce take fitowa, yana ce mini in tashi, ƙane, rana ta yi, aiki ba ya yin kansa. Da wannan tsokanar nake buɗe shago tun rasuwarsa.

Kin ce in kira ki kafin in taɓa komai, na ji. Amma ki yi mini adalci, mutumin da ya koya wa kansa gyaran injin buga takarda ba tare da ya ga ƙofar jami'a ba, ai ba zai tashi yarinya daga aiki saboda sukurori huɗu ba. Na kwance, na ciro tsofaffin, na zaunar da sababbin, na shafa farin man nan na sanyi, na ɗaure tsaf. To su tsofaffin ban iya jefa su a kwandon shara ba. Sai na samo katako mai kyau, na yanka harufan zinare na rubuta cewa waɗannan su suka riƙe shagon nan, na manne su da gam mai ƙarfi na rataye sama da teburina. Innarki ta kawo mini abinci ta tarar na manne ɗaya ina shirin manne ta biyun, ta ce ban iya ado ba, cikin ai ya fi bayan kyau, in juya wannan mutane su ga ɗigo-ɗigon zinaren da ke cikinta. Na yi mata gardama kaɗan don kada ta saba, sannan na juya. Ki riƙe wannan, zai dawo.

Da na danna maɓalli, fankokin suka taso da ƙara kamar za ta tashi sama, wata 'yar fitila ja ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na kunna, na cire waya na mayar, har hura mata iska na yi da baki. Shiru. 'Yata, ba aikin mutane da ke jira ne ya dame ni ba, wannan ana ba da haƙuri. Shirun nan ne. Washegari na buɗe shago, na share, na zauna, ba wanda ya ce mini in tashi. Sai na ji kamar yau aka yi rasuwar.

Dole na hau sama wurin Mai Tabarau, mai gyaran kwamfutocin nan da ke bene na biyu, wanda nake yi wa dariya saboda yana magana da injuna kamar marasa lafiya. Ya sauko ya duba, ya ce ƙwaƙwalen lafiyarsu ƙalau, babban allon da suke zaune a kai ne bai san su ba. Wai akwai ɗan karatun da aka rubuta masa a jiki tun daga masana'anta, suna ce masa bayos, da shi yake gane duk abin da aka ɗora masa, kuma nasa an rubuta shi tun kafin a ƙera irin waɗanda kika aiko. Sai an sabunta masa karatun zai karɓe su. Na ce to a sabunta mana. Ya ce ba a koya wa mai barci karatu, sai an tashe ta da tsohuwar ƙwaƙwalwarta tukuna, ina na ajiye su? Sai na ɗaga kai. Ya bi idona har bango, ya karanta harufan zinaren, ya cire tabarau ya goge, ya ce shekarunsa a sana'ar nan bai taɓa ganin wanda ya yi wa magani firem ya rataye ba alhali mara lafiya na kwance.

Ya so ya kwantar mini da hankali, ya ce ba abin da ya sami faifan ajiyar kwamfutar, zai iya ciro muryar ya zuba mini a waya in riƙa saurare duk lokacin da na so. Na gode masa, na ce ba ɗaya ba ne. A waya ni zan neme shi. A kwamfutar nan shi yake fara yi mini magana.

Muka sauko da katakon. Wadda na manne ta ciki, gam ya cinye zinaren, ta tafi ke nan. Wadda Innarki ta sa na juya, bayanta kawai gam ya kama, cikinta tas. Mai Tabarau ya ɓanɓare ta a hankali da reza, ya kankare bayan, ya zaunar da ita ita kaɗai a gurbi na farko, sai ga rubutu a allo. Amma ya gargaɗe ni cewa idan wuta ta ɗauke ko ta yi ƙasa ana tsakiyar zuba sabon karatun, babban allon ya mutu har abada, kuma irinsa ya ƙare a kasuwa. Kin san batirin ajiyar wutarmu ya daɗe da gajiya, kin kuma san duk sanda Mai Walda na maƙwabta ya kunna injinsa fitilunmu sai sun lumshe. Ni da mutumin nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu tun rigimar wurin ajiye mota. Na gyara hula na taka har bakin rumfarsa na roƙe shi ya ɗan dakata. Da ya ji kwamfutar Babanki ce, sai ya kashe injin, ya biyo ni, ya tsaya a bakin ƙofa yana korar masu shigowa kada wani ya taka waya. Muka zuba wa wani ɗan layi ido yana tafiya a allo kamar hawainiya, ni ina ta addu'a a zuci, har ya kai ƙarshe.

Yanzu ga inda nake so ki saurara da kyau, kuma kada ki sa wa ranki damuwa. Da aka saka sababbin biyun tare, jar fitilar ta dawo. Mai Tabarau ya ɗauko madubin ƙara girma ya nuna mini, sunansu ɗaya, girmansu ɗaya, amma ƙananan harufan da ke ƙasa sun bambanta, ba zubi ɗaya aka yi su ba. Ya ce babban allon nan ba ya haɗa biyu sai tagwaye na haƙiƙa, kowace ita kaɗai tana aiki, tare kuwa sun ƙi. Ba laifinki ba ne, mai sayarwa ne ya haɗa miki, kuma ko ni da idona ban gani ba. Muka bar ɗaya a gurbi na farko, muka danna. Fanka ta yi ƙara ta lafa, allo ya yi haske, sai ga Babanki yana ce mini in tashi, ƙane, rana ta yi. Mai Walda ya juya baya yana gyaran murya. Ni kuwa na ce ƙurar cikin kwamfutar ce ta shiga mini ido, kuma a kan haka nake har yanzu.

Ga ta nan tana aiki, da ƙwaƙwalwa ɗayar ma ta fi da sauri, na kuma sallami duk masu jira. Innarki kuwa ba a zama lafiya, duk wanda ya zo sai ta ba shi labarin yadda adonta ya ceci shago. Gurbi na biyu mun rufe shi da murfinsa don ƙura. Na kwafe miki ƙananan harufan a bayan takardar nan, ki nemo tagwaiyar a hankali, ba gaggawa. Amma kada ki ba kowa saƙo, kada ki sa a jirgi. Ke za ki kawo ta. Rabonki da gida tun jikana yana goye, yanzu an ce har gardama yake yi, kuma bai taɓa jin muryar kakansa ba. Ki zo da shi, ki saka ta da hannunki kamar yadda Babanki ya saka na farko, shi kuma yaron ya danna maɓallin. Na yi alkawari ba zan taɓa sukuro ko ɗaya ba kafin nan, gam ɗin ma Innarki ta ɓoye.

Ki gaishe mini da surukina da kyau, ki ce na gode da haƙurinsa. Ki shafa mini kan sarkin ɓarna. Innarki da Goggonki da Yayanki Dogo da matarsa duk suna gaisuwa, Mai Tabarau ma ya ce a gaida Injiniya, haka Mai Walda, wanda yanzu kullum sai ya leƙo da safe daidai lokacin da nake kunnawa. Allah Ya jiƙan Babanki, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Baffanki na shago, mai jiran ki da sukudireba a aljihu.