Jirgin da ya ɗauki Kaka

Daren Talata, unguwar Zahir, Makka

Na dawo daga shago a gajiye, na tarar da Baba gaban talabijin. Tun rasuwar Umma ba ya doguwar magana, abin yana damuna. Ana nuna wani tsohon jirgin ruwan yaƙi, sojoji na saukowa ta ragar igiya zuwa ƙananan jirage. Zan canza tasha ya ce, "Bari. Irinsa ne ya kai babana yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya ce kwana da kwanaki Kaka yana amai a cikin jirgin, ranar sauka kuma abokinsa ya suɓuce daga ragar, ruwa ya tafi da shi. Nan Kaka ya yi alkawari in ya tsira ya koma gida, zai zo Makka da ƙafa, shi da jirgi har abada.

"Ya taka har Sudan, sai ga teku a gabansa," in ji Baba, yana dariya har da tari. "Ya rufe ido ya hau jirgi."

Na ce, "Baba, me ya hana shi komawa gida?"

"Komawar ai sai da jirgi. Ya ce khalas, ya gama da jirgi."

Ashe haka muka zama 'yan Makka. Alhamdulillahi, yau zan yi barci.