Shaidata ɗaya, kuma a gidan Alhaji yake ci

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Shekara uku ina aiki a sito ɗin wani Alhaji a nan Daura, ni nake zuwa kasuwannin Zango da Baure ina auno masa gero da gyaɗa. Ran da na fara ya ce albashina zai riƙa ba ni rabi, rabin ya ajiye min, wai yaran yanzu ba ma iya riƙe kuɗi. Na ji daɗi har da godiya, ban ce a rubuta ba, wa zai ce wa sa'an babansa ya kawo biro?

To yanzu na samu rumfa zan fara nawa awon, mai rumfar ya ba ni zuwa ƙarshen wata in biya kuɗinta. Na je na yi wa Alhaji sallama cikin ladabi, na tambayi ajiyata. Sai ya ce wace ajiya, abincin rana da na ci da yadin sallar da yake ɗinka min fa? Na koma sau uku, na ƙarshe ko amsa sallamata bai yi ba.

Wani malami ya ce min in na kai ƙara kotun shari'a, shaida ɗaya da rantsuwata za su iya wadatarwa. Shaidar kuwa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kai ni wurin Alhaji, a gabansa aka yi maganar. Shi ne direban motar Alhaji, 'ya'yansa biyar, gidan da yake ciki ma na Alhaji ne.

Na same shi jiya, na faɗa masa, sai ya ce, "Ƙanina, in alƙali ya kira ni ba zan yi ƙarya ba. Amma ka bari in fara neman inda zan kai yaran nan."

Tun jiya na kasa cin abinci. Haƙƙina ne, gumina ne, kuma ina jin haushi sosai. In kai ƙara in jefa yayana a titi, ko in bar wa Alhaji wahalar shekara uku? Ku da kuke gefe, me zan yi?