Gonar Baba a Jarrabawar Girkawa

Assalamu alaikum Baffa,

Ina fata kana lafiya, da Inna da yara. Yaya ƙafar taka, da damina?

Alhamdu lillahi, ranar Talata na yi jarrabawar baka ta digirina, kuma na ci. Tun daga unguwar Stratford nake bitar karatuna a cikin tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na yi wa malaman bayanin ra'ayin Girkawa da Rumawa na da, cewa birni kan rushe ne idan mai ƙarfi ya zama shi ke rabo, kuma shi ke fara ɗauka. Sai wata farfesa ta ce, "To, ta yaya ake hana shi?"

Kaina ya ɗaure, duk abin da na karanta ya gudu. Can sai na tuna ranar da ka raba gonar Baba: ka sa Yaya Sani ya ja iyaka, Habu ƙaraminmu ya fara zaɓa. Shi na faɗa mata. Sai ta ce in ƙara shi a babin ƙarshe na kundin digirina.

Shekara huɗu kana min faɗan karatun arna, ga shi hukuncinka ne ya fitar da ni.

A sa ni a addu'a. A gaida Inna, da Yaya Sani in ya huce daga fushin rabon gonar.

'Yarka,
Rabi