Kututturen Ɗinya a Gonar Rake

Asabar, 6 Janairu 2024

An gama saran rake a fadamar da maigidana Malam ya bar mana can bayan Samaru. Alhamdulillahi. Zailani, ƙanin marigayin, shi ke riƙe da gonar, ya kawo min ɗauri guda har gida Dogarawa. Zaƙi kamar me. Ya ce ranar Litinin ta sama duk 'yan fadama za su banka wa karmami wuta, rana ɗaya kamar yadda aka saba, don kada wutar wani ta shammaci wani.

Alhamis, 11 Janairu

Nneoma ta zo, idonta jawur. 'Yar Adaora ce, maƙwabciyar shagona a PZ, matar da ta bar kasuwarta ta yi jinyata a asibitin Shika lokacin da aka yi min aiki. Yarinyar na karatun ƙasar noma a Samaru. Wai manomin da ya yi mata alkawarin gonar gwaji ya manta, ya cinna wuta. In ba ta sami gonar rake da ba a ƙona ba, shekararta ta tafi.

Na ce gwajin me? Ta ce iskar kabon. Wai rake na zuƙo ta daga sama ya adana a ganye da saiwa, wuta kuma ta mai da ita sama ta ƙara wa duniya zafi. Na ce, “Ke Nneoma, karmamina ne zai dafa duniya?” Ta yi dariya tana share hanci.

Na ba ta gonar. Ban gane iskar ba, uwarta na gane.

Lahadi, 14 Janairu

Zailani ya zo fuu. “Haba Yaya! In kowa ya ƙona mu muka ƙi, ina kike zaton gafiyoyin fadama za su gudu? Gonarmu fa! Su cinye gyauron tas.” Gaskiyarsa ce. Gyauron nan, tohon da ke fitowa daga tushen raken da aka sare, daga hannun Malam yake, shi ya dasa shi. Na ce na riga na yi magana. Ko ruwa bai sha ba ya fita.

Litinin, 15 Janairu

Sun ƙona. Tamu kaɗai ta rage, kamar kan da aka manta wurin aski.

Juma'a, 2 Fabrairu

Gafiyoyi sun zo kuwa, har da 'yan rakiya. Sun gwaguye gefen gabas. 'Yan fadama sun sa wa wurin suna gonar Hajiya mai kiwon ɓera. Na je na gani da idona, na tarar da Nneoma ta kife wasu bokitai a kan ƙasa tana zuƙo iska daga ciki da sirinji. Wallahi sai da na ji kamar in ce ta kwashe tarkacenta. Sai na tuna hannun Adaora a goshina. Na bar ta da bokitanta.

Laraba, 20 Maris

Azumi da zafi. Zailani bai turo gaisuwa ba.

Asabar, 27 Afrilu

Yau ya zo da kansa, wai hanya ce ta biyo da shi. Can yana shirin tashi ya ce ƙasarmu na riƙe laima fiye da ta maƙwabta, ba ya shan wahalar ban ruwa. Ya faɗa yana kallon takalminsa. Gefen gabas dai bai tashi ba, wannan ya tafi. Sauran kuwa ya yi kore shar. Na gode wa Allah, na zuba masa tuwo har da ƙari, don mugunta.

Talata, 13 Agusta

Raina a ɓace.

Nneoma ta gama awonta, ta zo da uwarta yi min godiya, da atamfa mai kyau. Ni da bakina na ce to, mun ceci duniya? Yarinyar ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, “Mama, barin karmamin ya taimaka, amma kaɗan ne. Babbar asarar tun ranar da aka sare kurmin wurin aka yi ta. Abin da itatuwan da ƙasar suka daɗe suna ajiyewa, yawancinsa ya tashi.”

Kurmin nan Malam ne ya sare shi. Da gatarinsa, da guminsa, shekarar da na haifi Ameer. Da raken muka ci, muka yi sutura, yara suka yi makaranta. Yanzu a ce ɓarna ya yi? Adaora ta harare ta, ta ce mata wani abu da yarensu. Na ce ba komai. Da komai.

Bayan sun tafi na tuna ɗinyar da ke tsakiyar kurmin. Ina amarya yakan ciko min hularsa da 'ya'yanta, baki ya yi baƙi ƙirin muna dariya. Ranar da ya kayar da ita bai ci abinci sosai ba. Ban taɓa tambayarsa ba.

Asabar, 21 Disamba

Nneoma ta ci jarrabawa. Adaora ta raba wa duk layin shagunanmu cincin, ta rungume ni a tsakiyar PZ har ɗankwalina ya faɗi. Allah na gode maka da ka sa ban kori bokitan nan ba.

Asabar, 4 Janairu 2025

An sare rake. Zailani ya ce tunda gwaji ya ƙare, jibi za mu bi jama'a mu ƙona. Na ce to, ai dama don yarinyar aka bari.

Sai na bi shi gonar, haka kawai. A tsakiya, inda tsohon kututturen ɗinyar yake, wanda wuta ke lasa duk shekara har na ɗauka ya mutu tuntuni, na ga toho ya kai min ƙugu. Ganye biyar-biyar irin na ɗinya, ba zan kasa gane shi ba. Zailani ya ce, “Au, wannan? Zai yi wa rake inuwa,” ya ɗaga adda.

Na riƙe hannunsa. Ban san na riƙe ba.

Na ce masa bana ma a bar karmamin, saboda ban ruwa. Ya dubi tohon, ya dube ni, ya ce, “Saboda ban ruwa, Yaya.” Ya je ya yanko ƙaya ya kewaye shi don awaki.