Gishiri a Goshin Jirgi

Belbeji, farkon watan Safar, 1345

Zuwa ga uwargidana Tata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Ina gero, ya fara fitar da kai? Bayan haka, kayan da gardawa, dogaran Nasara, suka sa na ɗauko wa kumandan, Baturen mulkin nan, daga Damagaram a kan raƙumana, ashe jirgin ruwa ne. A Damargu, Tata, inda sai an haɗa igiya uku kafin guga ya taɓa ruwa. Ya kawo shi ne don tabkin da damina ta cika a nan. Yana da inji a gindi mai kuka kamar raƙumin da ake wa lalas.

Da aka tayar da shi, sai goshinsa ya ɗaga sama, gindi ya nutse, yana ta gurnani ba ya zuwa ko'ina. Kumandan na baya riƙe da injin, mai gari Hamma na kusa da shi, kuma kin san ba a zama gaban manya, don haka kowa ya cunkushe a bayan. Na faɗa wa tafinta ko jaki aka yi wa wannan labtun sai ya kwanta. Tsautsayi ya sa ya fassara wa kumandan maganar. Kumandan ya ce in na daidaita jirgin zan tafi gida kafin girbi, in na kasa ina nan. Ki kwantar da hankalinki, shekara ashirin nake ɗaurin kaya.

Mijinki, Barmo

Belbeji, ƙarshen Safar

Tata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Malamin da ke rubuta min wannan yana dariya, Allah ya isa tsakanina da shi. A kayan raƙumi, in taiki ɗaya ya rinjayi ɗaya, ai ƙarin nauyi ake wa mai sauƙin. Na samo kantun gishiri huɗu na Bilma, na ɗaure su a goshin jirgin, ɗaurin da ko amale bai taɓa samu ba. Jirgi ya miƙe, ya tsaga ruwa, kumandan har da waƙa. Ni kuwa ina bakin tabki ina karɓar gaisuwa.

Ban san ruwa na fantsamowa ciki ba. A zagaye na biyar goshi ya soma tashi a hankali. A na bakwai mai gari ya sulale ta baya da rawaninsa. Ruwan iya cibiya ne, amma ya rantse ya ga kabarinsa. Da na kwance tabarmin da na naɗe gishirin a ciki ban tarar da komai ba sai igiya. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wa ya taɓa gaya min kaya na narkewa a hanya?

Naki, Barmo

Belbeji, watan Gani

Tata,

Gaisuwa da kewa. Na ji geron ya nuna, tsuntsaye sun sauka, ke kaɗai ke kora da tsohon ciki. Abin ya hana ni cin abinci.

Jirgi ya daidaita. Don horo kumandan ya sa na zauna inda gishirin yake, sai ga shi yana gudun da bai taɓa yi ba. An gwada gardi, ya yi nauyi. An gwada tafinta, ya yi sauƙi. An gwada dutse, ya fasa katako. Ni ne daidai. Na tuna wa kumandan alkawari, ya ce ai bai hana mai ɗaurin kaya tafiya ba, kayan ne ba za su tafi ba sai tabki ya ƙafe.

Ni da nake roƙon ruwa tun ina yaro, yau kullum sai na kafa kara a bakin tabki in ga ko ya ja. Jiya ya ragu da yatsa biyu, da la'asar hadari ya haɗo. Ki roƙi yayanki Audu ya yanke mana geron, ki ba shi nasa damin ba tare da gardama ba. Ki kuma ce wa limaminmu na Ollelewa, addu'ar ruwan da muka sa shi yi da bazara ta karɓu, ya isa haka.

Mijinki mai kewarki, Barmo