Ragowar Furar Baba Kura

Talata, 21 ga Afrilu, 2020
Nan Roni makaranta a rufe saboda cutar korona, ni da ɗalibaina kowa na gida. Aikina ya koma sauraron waya. Yau ma an turo murya daga Kano, wai dattawa na ta mutuwa, masu haƙa kabari sun gaji. Na kunna a tsakar gida ina tankaɗe, 'yata Bahijja na gefe tana wasa da 'yar tsana. Shekararta bakwai, me ta sani?

Asabar, 2 ga Mayu
Azumi ya yi nisa. Surukina Baba Kura kullum in ya sha ruwa sai ya rage fura a ƙwaryarsa, ya kira Bahijja, wai amaryarsa ta zo ta shanye. Tun tana rarrafe suke haka. Kwanan nan ta daina zuwa. Ya ce amarya ta yi yaji, a bar ta. Ni dai na ji kunya. Za a ce malama ce guda ta kasa tarbiyyar 'yarta.

Litinin, 11 ga Mayu
Na ja ta har ɗakinsa tana turjewa. Na sa ta durƙusa, ta ba shi hannu, ta karɓi ƙwaryar. Ta sha tana kuka. Shi kuwa dariya yake, wai ya yi biko ya ci nasara.

Alhamis, 14 ga Mayu
Ba ta cin abinci. Wanke hannu kawai, har fata ta fara tsagewa.

Laraba, 27 ga Mayu
Baba Kura ya rasu shekaranjiya, washegarin Sallah. Hawan jininsa ne na shekaru, ya faɗi a bayi. Allah ya jiƙansa.
Da masu gaisuwa suka ragu ta same ni a madafa.
"Umma, ni ce na kai masa ko? A wayarki mutumin ya ce yara ne ke kai wa tsofaffi, su ba sa mutuwa."
Ashe gudunsa take don kada ya mutu. Ni kuma na kamo ta da hannuna na kai ta. Na rantse mata, babanta Halliru ya rantse. Ta ce to, amma irin "to" ɗin da na sani. Ban san inda zan sa kaina ba.

Laraba, 10 ga Yuni
Lydia maƙwabciya ta shigo da sabon labari, na ga Bahijja na kusa, sai na ce mu fita zaure, wai ɗakin akwai zafi.
Bahijja ta ci rabin tuwo. Da na miƙa hannu zan shafa kanta sai ta ja baya, ta ce kada ni ma ta kai min. Na mayar da hannuna, na zauna inda take iya ganina.